Igiyar da Aka Zura Cikin Teku

A ranar 23 ga Maris, 1875, wani jirgin ruwa na Ingila mai suna Challenger ya tsaya a yammacin tekun Fasifik, kusa da tsibiran Mariyana, ma'aikatansa suka ɗaura nauyin ƙarfe a bakin igiya suka zura ta cikin ruwa kamar yadda suka saba yi a kowane zango. Igiyar ta yi ta tafiya, ta wuce duk inda suke tsammanin za ta tsaya, har abin ya sa su shakka suka janye ta suka sake zurawa domin su tabbatar. Awon da suka rubuta a littafinsu shi ne gaba 4,475, wato mita 8,184. Gaba ita ce ma'aunin matuƙan jirgi tun da can, tsawon hannuwan mutum biyu idan ya buɗe su, kuma duk lokacin da na tuna cewa da wannan ma'auni na jikin ɗan Adam aka fara sanin zurfin teku, sai in ji girman aikin ya ƙara bayyana a gare ni.

Na daɗe ina karance-karance a kan ilimin teku, kuma abin da na fahimta shi ne, tambayoyi biyu da suke kamar ba su da dangantaka, wato ina ƙasan teku take da kuma yaushe duniya ta samu, a hanya ɗaya aka bi aka amsa su. Waɗanda suka share wannan hanya kuwa mutane ne masu haƙurin awo, waɗanda sunayensu ba su yi tashe kamar na masu gano sababbin ƙasashe ba, alhali a ganina bashin da ilimi yake ɗauke da shi nasu ya fi nauyi.

Kafin a zo ga zurfi, mutane sun shafe dubban shekaru suna nazarin saman ruwa, kuma sun ƙware a kansa ƙwarewar da ba ta neman takarda. Waɗanda suka fi ba ni mamaki su ne mutanen tsibiran Folinisiya. Kakanninsu sun isa Tonga da Samowa kimanin shekaru 2,800 da suka wuce, daga baya zuriyarsu ta kai Hawayi da tsibirin Rapa Nui, sannan ta sauka Niyu Zilan wajen ƙarni na 13 na Miladiyya, duk a cikin kwalekwale masu filafilai, ba kamfas, ba taswirar takarda. Matuƙinsu yana riƙe da mafitar taurari da mafaɗarsu a ka, yana gane inda tsibiri yake tun bai hango shi ba ta yadda kumburin ruwa yake karyewa, da irin tsuntsayen da ke komawa gida da yamma, da yadda gajimare yake taruwa a wuri ɗaya. Lokacin da James Cook ya isa Tahiti a 1769, wani masani mai suna Tupaia ya shiga jirginsa, ya kuma zana masa taswirar tsibirai fiye da 70 daga abin da ya haddace. Wannan ilimin teku ne cikakke, ko da yake ba a jami'a aka koyar da shi ba.

A tekun Indiya kuma, Larabawa da Farisawa da Indiyawa da mutanen gaɓar gabashin Afirka sun gina kasuwancinsu a kan iskar da ke juya alƙiblarta sau biyu a shekara, ta kai jirgi a wani lokaci ta komo da shi a wani. Sunan da duniya take kiran wannan iska da shi a yau daga kalmar Larabci ta mausim ya samo asali, kuma Ahmad ibn Majid ya tattara ƙa'idojin tuƙi a wannan teku cikin littafinsa Kitab al-Fawa'id wajen 1490. Kafin shi, Zheng He na ƙasar Sin ya jagoranci tafiye-tafiye 7 tsakanin 1405 da 1433, jiragensa suka kai har gabashin Afirka. Tun da daɗewa ma, wajen shekara ta 325 kafin haihuwar Annabi Isa, Pytheas na Masaliya ya tashi daga Bahar Rum ya nufi arewa, ya kuma lura cewa cikar teku da janyewarta suna bin wata. Tafiyar Magellan, wadda ta fara da jirage 5 a 1519 ta ƙare da jirgi ɗaya da mutum 18 a 1522, ta tabbatar a aikace cewa tekunan duniya a haɗe suke. Duk da haka, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya san abin da ke ƙarƙashin jirginsa idan ya yi nisa da gaɓa. Matuƙi yana da gudar dalma a bakin igiya, an shafa kitse a gindinta domin ta ɗauko yashi ko laka ta nuna masa irin ƙasar da ke ƙasa, amma amfaninta ya tsaya ne a ruwa marar zurfi, inda ake tsoron jirgi ya daki dutse.

Awo na farko da ya buɗe ƙofar zurfin teku ya zo ne daga wurin da ba na jin daɗin ambatonsa, amma ɓoye shi ba gaskiya ba ne. A 1751, Henry Ellis, kyaftin ɗin wani jirgin Ingila na fataucin bayi, ya zura wani bokiti mai murfi da ma'aunin zafi a tekun Atlantika, a yanki mai zafi, har kimanin mita 1,600. Ruwan da ya ɗauko mai sanyi ne ƙwarai idan aka gwada shi da na sama, wanda rana take dafawa kullum. Shi kansa bai ɗauki abin da wani muhimmanci ba face sanyaya abin sha da ruwan wanka. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya yi tambayar da ta dace: daga ina sanyi zai zo a ƙarƙashin ruwan da ke yankin zafi? Amsarsa ita ce ruwan daga ƙarshen duniya na arewa da na kudu yake zuwa, inda yake yin sanyi, ya yi nauyi, ya nutse, ya bi ta ƙasa yana malala zuwa tsakiya.

Wannan bayani shi ne ƙashin bayan ilimin teku har yau. Ruwan teku hawa-hawa yake, kuma abin da ke tsara shi nauyinsa ne, nauyin kuwa ya dogara a kan sanyi da yawan gishiri. A sama akwai ruwa mai ɗumi wanda iska take motsawa, daga nan sai yankin da zafi yake raguwa da sauri, sannan babban ruwan ƙasa, wanda sanyinsa bai cika wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyos ba ko da a yankin zafi ne. Hasken da tsiro zai iya rayuwa da shi yana ƙarewa wajen mita 200, bayan mita 1,000 kuwa duhu ne baƙi ƙirin, kuma kowace mita 10 da aka sauka tana ƙara matsi daidai da nauyin dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Tun da matsakaicin zurfin teku ya kai kimanin mita 3,700, kuma teku ta rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, ke nan mafi yawan wurin da halitta za ta iya zama a duniyar nan wuri ne mai duhu da sanyi da matsi. Ruwan da ya nutse a arewacin Atlantika yakan yi ɗaruruwan shekaru, har zuwa kusan 1,000, kafin ya sake ganin rana.

Ba abin mamaki ba ne da masana na farko suka ɗauka babu mai rai a can. A 1843 Edward Forbes, bayan ya yi ta jan koma a tekun Ejiyan ya ga halittu suna raguwa yayin da zurfi yake ƙaruwa, ya yanke cewa rayuwa tana ƙarewa a wajen gaba 300. Ina ganin bai kamata a yi masa dariya ba, domin abin da ya gani ya faɗa, kuskurensa kawai shi ne ya auna dukan tekuna da wani ɓangare na Bahar Rum wanda dama ba shi da yalwar halittu a ƙasa. Abin da ya rushe maganarsa kuwa wayar tangaraho ce. A 1860 aka ɗago wata waya da aka shimfiɗa tsakanin Sardiniya da Aljeriya domin gyara, daga zurfin da ya ninka iyakar Forbes sau da yawa, sai ga murjani da wasu halittu sun manne a jikinta suna rayuwa. Bukatar shimfiɗa irin waɗannan wayoyi ita ce ta sa gwamnatoci suka fara kashe kuɗi a kan sanin ƙasan teku, kuma a cikin wannan yanayi aka shirya tafiyar Challenger.

Jirgin ya tashi daga Fotsmos a Disamba 1872 ƙarƙashin jagorancin ilimi na Charles Wyville Thomson, an cire yawancin igwoginsa an mai da wurarensu ɗakunan bincike, ya kuma komo a Mayu 1876 bayan tafiyar kusan mil 69,000 na teku. A wurare 362 suka tsaya, kuma a kowanne aikin iri ɗaya ne: a auna zurfi, a auna zafin ruwa a matakai daban-daban, a ɗebo ruwa, a jawo laka da abin da ke cikinta. Zurawa da janyewa kaɗai sukan cinye yini. Sun samo halittu fiye da 4,000 da ilimi bai san da su ba, kuma rubuta sakamakon ya kai juzu'i 50, ba a gama ba sai 1895 a hannun John Murray. Sai dai abin da ya fi jan hankalina a cikin duka wannan shi ne aikin William Dittmar, wanda ya karɓi kwalaben ruwa 77 da aka ɗebo daga sassan duniya ya tantance abin da ke cikinsu. Ya tabbatar cewa ko da yake yawan gishiri yana bambanta daga wuri zuwa wuri, matsakaicinsa kimanin giram 35 a kowane kilo na ruwa, rabon sinadaran da ke cikin gishirin bai canzawa: kuloraid yana da kusan kashi 55 cikin 100, sodiyam kusan kashi 31, a Atlantika ko a Fasifik, a sama ko a ƙasa. Ma'anar wannan ita ce teku ta daɗe tana gauraya kanta, daɗewar da ta isa ta sa kowane ɗigo ya zama ɗan'uwan kowane.

Daga nan tambayar zurfi ta zama tambayar shekaru. Tun a 1715 Edmond Halley ya kawo shawarar cewa tun da koguna suna wanke gishiri daga duwatsu suna zubawa a teku, ruwa yana tashi tururi ya bar gishirin, to ana iya amfani da gishirin teku a matsayin agogo. A 1899 John Joly na Ayalan ya yi lissafin: ya ƙiyasta dukan sodiyam ɗin da ke cikin teku, ya raba da abin da koguna suke kawowa a shekara, ya samu kimanin shekaru miliyan 90. Lissafin yana da kyau, tunanin yana da tsabta, amma amsar ta yi ƙasa da gaskiya nesa ba kusa ba, domin gishiri yana shiga teku yana kuma fita. Wani yana haɗuwa da laka ya kwanta, wani yana shiga cikin duwatsun ƙasan teku, wani kuma yana daskarewa idan wani yanki ya rabu ya ƙafe. Bahar Rum kanta ta taɓa yankewa daga Atlantika tsakanin shekaru miliyan 5.9 da 5.3 da suka wuce, ta bar gishirin da kaurinsa ya wuce kilomita ɗaya a wasu wurare, abin da haƙar da jirgin Glomar Challenger ya yi a 1970 ta fito da shi fili. Agogon Joly yana auna tsawon zaman da gishiri yake yi a ruwa ne kafin ya fita, shi kuwa ya ɗauka shekarun teku yake aunawa.

Amsar da masana suke riƙe da ita a yau ta fito ne daga dalma. Sinadarin yuraniyam yana rikiɗewa a hankali ya koma dalma bisa ƙa'idar da zafi ko matsi ba sa canza ta, saboda haka rabon nau'o'in dalma a cikin dutse yana nuna tsawon lokacin da ya wuce. A 1956 Clair Patterson na Amurka ya auna wannan rabo a cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, ya samu shekaru biliyan 4.55. Amma yana bukatar ya nuna cewa duniya sa'ar waɗannan duwatsu ce, kuma a nan ya koma ga teku: ya ɗauki lakar ƙasan teku, bisa hujjar cewa koguna sun tattaro ta daga nahiyoyi daban-daban sun gauraya, don haka tana wakiltar dalmar duniya gaba ɗaya. Awonta ya faɗa a kan layi ɗaya da na duwatsun sama. Wannan wuri ne da nake tsayawa a kansa duk lokacin da na zo shi, domin lakar da matuƙa suke ɗaukowa da kitse don kawai su san inda za su jefa anga ita ce ta zama shaidar shekarun duniya.

Bayanin da ilimi ya gina a kan wannan adadi shi ne, kimanin shekaru biliyan 4.6 da suka wuce wani babban gajimare na ƙura da iskar gas ya dunƙule saboda nauyinsa, rana ta samu a tsakiya, abin da ya rage kuma ya yi ta zagaya ta yana karo yana mannewa har ya zama duniyoyi. Zafin karon da na sinadarai masu rikiɗewa ya narkar da duniyar farko, ƙarfe ya nutse tsakiya, abubuwa marasa nauyi suka taso. Galibin masana suna ganin wata ya samu ne lokacin da wani jiki mai girman duniyar Mirriku (Mars) ya daki duniya, tarkacen da ya tashi ya haɗu a sama. Watan nan shi ne yake jan teku sau biyu a yini kamar yadda Pytheas ya lura, kuma gogayyar wannan ja tana sa shi yin nisa da mu da kimanin santimita 3.8 a kowace shekara. Ruwan kansa, wani ya fito daga cikin duniya a matsayin tururi ta duwatsu masu aman wuta, wani kuma duwatsun sama masu ɗauke da ruwa ne suka kawo shi. An daɗe ana zaton taurari masu wutsiya ne suka kawo mafi yawansa, amma a 2014 kumbon Rosetta ya auna ruwan ɗaya daga cikinsu ya tarar da nau'in haidurojin mai nauyi a cikinsa ya ninka na tekunanmu kusan sau 3, abin da ya raunana wannan zato. Lokacin da duniya ta huce, tururin ya zama ruwan sama ya taru a kwaruruka, kuma wasu ƙananan ƙwayoyin dutsen zarkon da aka samu a Jack Hills na yammacin Ostireliya, masu shekaru kusan biliyan 4.4, suna ɗauke da alamar cewa tun a lokacin akwai ruwa kwance a doron ƙasa.

Idan ruwan ya tsufa haka, mutum zai ɗauka kwanon da yake cikinsa ya fi shi tsufa, kuma haka masana suka ɗauka har tsakiyar ƙarni na 20. Abin da ya sauya wannan shi ne awo da sauti. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka idan jirgi ya aika ƙara ya lissafa lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka, ya san zurfi nan take. Jirgin Jamus mai suna Meteor ya yi irin wannan awo kusan sau 67,000 a Atlantika tsakanin 1925 da 1927, a inda Challenger ya yi 'yan ɗaruruwa cikin shekaru uku da rabi. A 1952 Marie Tharp, wadda a lokacin ba a yarda mata su shiga jiragen bincike ba, tana zaune a ofis a Niyu Yok tana mai da lambobin awo zane, sai ta lura cewa tsaunin da ya ratsa tsakiyar Atlantika yana da tsaga a ƙololuwarsa. Abokin aikinta Bruce Heezen ya ƙi yarda da farko, domin tsagar tana goyon bayan ra'ayin Alfred Wegener na 1912 cewa nahiyoyi suna motsi, ra'ayin da yawancin masana suka yi watsi da shi. Da aka ɗora wuraren girgizar ƙasa a kan taswirarta, sai suka jeru a cikin tsagar.

Daga baya aka gane cewa wannan tsauni ya zagaye duniya a ƙarƙashin ruwa, tsawonsa kimanin kilomita 65,000, kuma a tsagarsa narkakken dutse yake fitowa ya daskare ya zama sabuwar ƙasar teku, ya tura tsohuwa gefe biyu da 'yan santimitoci a shekara, kusan saurin tsirowar farce. Harry Hess ya bayyana wannan a 1962, shekara ɗaya bayan haka Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo ra'ayin cewa idan haka ne, maganaɗisun duwatsun zai jeru layi-layi iri ɗaya a ɓangarorin tsaunin biyu, abin da awo ya tabbatar daga baya. Dutsen ƙasan teku ya fi na nahiyoyi nauyi kuma ya fi shi siranta, kaurinsa kimanin kilomita 7 ne, shi ya sa yake kwanciya ƙasa ruwa ya taru a kansa, kuma yana ƙara sanyi da nauyi yayin da yake nisa da inda aka haife shi, har ya kai inda zai lanƙwasa ya koma cikin duniya. Saboda haka a manyan tekuna da wuya a samu ƙasar da ta wuce shekaru miliyan 180 zuwa 200, alhali ruwan da ke kanta ya haura biliyan 4. A waɗannan tsagogi ne kuma, a 1977, ƙaramin jirgin nutso Alvin ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galafagos, a zurfin kimanin mita 2,500, kewaye da halittun da abincinsu ya dogara a kan sinadaran da ke fitowa daga ƙasa maimakon hasken rana, abin da ya sa wasu masana suke ganin a irin wannan wuri rayuwa ta fara.

Ɗaya daga cikin wuraren da tsohuwar ƙasar Fasifik take lanƙwasawa ta nutse shi ne ramin Mariyana, inda igiyar 1875 ta sauka. Mutanen Challenger ba su san a gefen ramin suka tsaya ba, balle su san dalilin samuwarsa. A 1951 wani jirgin Ingila mai ɗauke da wannan suna ya koma yankin da na'urar amsa-kuwwa ya samu wuri mai zurfin kusan mita 10,900, wanda da za a tsoma tsaunin Everest mai mita 8,849 a cikinsa, da sauran ruwa kimanin kilomita 2 a kan ƙololuwarsa. A ranar 23 ga Janairu, 1960, Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka can a cikin jirgin nutso mai suna Trieste, saukar ta ɗauke su kusan awa 5, suka yi minti 20 kacal a ƙasa, lakar da jirgin ya tayar ta hana su ɗaukar hoto. Zuwa yanzu kimanin rubu'in ƙasan teku ne kawai aka auna da sauti awo mai kyau, sauran kuwa ƙiyasi ne da ake yi daga taurarin ɗan Adam ta hanyar lura da tudu da kwarin saman ruwa, kuma jiragen bincike suna nan suna bin layi ɗaya bayan ɗaya suna cike gurbin.